Shanya a Ɗaki, Aboabo

Kwana tara ke nan sama ba ta rufe baki ba a Kumasi.
Kwanon rufi sai surutu yake, kamar Kejetiya da hantsi.
Igiyar tsakar gida kuwa ɗigon ruwa sun gaje ta,
su kaɗai ke shanya kansu a kai, a jere.

Na kafa ƙusa biyu,
ɗaya saman ƙofa, ɗaya gefen kalandar bara,
na ja igiya ta raba ɗakin gida biyu.
Yanzu ko salla zan tayar
sai na sunkuya wa wandon makarantar Mutala.

Karon farko na sha kunya.
Na labta kaya kan kaya, na rufe taga gam saboda sauro.
Da safe rigar Adiza ta bushe, ba a ce ba ta bushe ba,
sai dai tana tsami
kamar kokon da ya kwana biyu a roba.
Ta saka, ta tafi, ba ta ce uffan ba.
Sai da dare, tana wasa da tuwo, ta ce
yarinyar da suke benci ɗaya ta matsa can ƙarshe.

Na aika miki saƙo Kuwait, Rahinatu.
Amsa ta zo ƙarfe biyun dare, murya ƙasa-ƙasa,
kada uwar ɗakinki ta ji:

"Baban Adiza, tufa ma numfashi take so.
Kada ka bar wanki ya kwana a bokiti.
Rage omo, yawansa ba tsabta ba ne,
ka ɗauraye sau uku, na ƙarshe da lemun tsami.
Ka matse har hannunka ya yi kuka,
ka naɗe cikin tawul, ka hau kai ka taka.
Juya aljihu waje, can ruwa ke ɓuya.
Tsakanin riga da riga ka bar tafin hannu guda,
ba trotro kake lodi ba.
Buɗe taga ko da yatsa uku ne, fanka ta dube su.
Gawayi a kwano, ƙarƙashin igiya, shi zai sha danshin."

Sai kika yi dariya, kika ce a can
kafin ki rataya ta ƙarshe ta farko ta ƙame,
zanen gadon mutane goma sha ɗaya,
ba ko ɗaya da kika san warin mai shi tun yana jinjiri.
Nan saƙon ya yanke.

Na bi duk yadda kika ce.
Maame Serwaa mai gida ta ba ni gawayi, ta ƙi karɓar sidi biyu.
Na taka tawul, Mutala ya taya ni, ya ɗauka rawa ce.
Fanka na girgiza kai kamar tsohon da bai yarda ba,
sha ɗaya da rabi aka ɗauke wuta.
Na zauna da murfin kwali ina fifita rigar 'yata
kamar mai jinyar zazzaɓi,
sauro na karɓar harajin yatsa ukun nan.

Asuba na bi kwala da dutsen guga.
Adiza ta ɗauka, ta cusa hanci, ta daɗe.
"Ba ta wari, Baba."
Ta sake shinshinawa.
"Ba ta ƙanshin komai."

To, ga abin da ban faɗa miki ba.
Zanenki mai ruwan goro na ƙasan akwati,
tun ranar da kika hau motar Accra ban wanke shi ba.
Man kaɗanya, hayaƙin kifi, ɗan turaren nan na Asawase.
Shi ban buɗe masa taga,
ban bar masa tafin hannu.
Jiya na ga funfuna ta soma cin gefensa.
Ruwa bai tsaya ba,
ni kuma na rasa yadda zan tambaye ki wannan.